Masu Kai Ziyara ga Jiragen da Suka Nutse

Mu mutanen Funtuwa da Malumfashi ba mu da teku. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na rafi da na kududdufin da damina ke cikawa, sai kuma madatsun ruwa irin su Mairuwa da Gwaigwaye da ta Malumfashi. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin jirgin ruwan da ya fi kwale-kwalen masunta girma ba. Don haka idan muka ce darasinmu na bana a kan mutanen da ke shiga ƙarƙashin teku ne domin kallon jiragen da suka nutse, mun san ba za a rasa mai cewa ina ruwan biri da gada ba.

To, da ruwanmu kuwa. Kogin Sakkwato a nan kusa da Funtuwa ya faro, ya bi ta Gusau, ya haɗu da Gulbin Rima, ya wuce Argungu da Birnin Kabi, ya faɗa Kwara, ita kuma Kwara ta kai shi teku. Ruwan saman da ya sauka a gonar audugar wani a nan, in bai shige ƙasa ba, rana kuma ba ta shanye shi ba, a teku zai ƙare. Ban da wannan ma, dokar da ke aiki a kan mai nutso a teku ita ce ke aiki a kan yaron da ke kurme a Mairuwa lokacin hutu. Bambancin kawai shi ne, wancan an koya masa ita kafin ya shiga, namu yaron kuwa ba wanda ya gaya masa.

Nutso iri-iri ne. Akwai na sana'a, kamar na ma'aikatan da ke walda da gyaran bututun mai a ƙarƙashin ruwa a yankin Neja Dalta, akwai kuma na sojan ruwa. Wanda muke magana a kai na nishaɗi ne. Mutum zai tara kuɗinsa, ya je ya koya, ya goya tukunyar iska a baya, ya sa gilashi a fuska da faffaɗan takalmi irin ƙafar agwagwa, ya ɗaura ɗamarar darma don ta rinjaye shi ƙasa, ya shiga ruwa ba don ya kamo komai ba sai don ya gani da idonsa. Turawa na kiran wannan sukuba. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa jiragen da ke kwance a ƙasan tekunan duniya sun kai miliyan 3. Ƙalilan ne daga cikinsu ke inda ɗan Adam zai iya kaiwa, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna kuwa yana kan tsohuwar hanyar alhazanmu.

Jirgin da mai shi ya nutsar

Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai, kakanninmu ta ƙasa suke zuwa Makka. Su bi ta Barno, su ratsa Cadi, su shiga Sudan, suna tafe suna ƙwadago a gonakin auduga don su sami guzuri, wani shekara biyu, wani fiye, har su kai gaɓar Bahar Maliya. A Sawakin suke shiga jirgi su ƙetare zuwa Jidda. Wasu ba su dawo ba, shi ya sa har yau akwai Hausawa da yawa a Sudan, har da birnin Fot Sudan, tashar jiragen ruwan da Turawan Ingila suka gina arewa da Sawakin a farkon ƙarni na 20.

Daura da wannan birni, a gefen wani tudun murjani da ake kira Wingate, akwai wani jirgi kwance a kan haƙarƙarinsa na hagu. Sunansa Umbria. Tsawonsa ya fi mita 150, wato filin ƙwallo ɗaya da rabi. A Jamus aka ƙera shi kafin Yaƙin Duniya na Farko, daga baya mutanen Italiya suka saye shi. A watan Mayun 1940 aka loda masa kaya a tashoshin Italiya, ya nufi Eritiriya, wadda a lokacin take hannun Musolini. Cikin kayan akwai siminti da motoci ƙirar Fiat da kwalaben giya, amma babban lodin bama-bamai ne har 360,000.

A lokacin yaƙin Hitila ya riga ya kankama, amma Italiya ba ta shiga ba tukuna, don haka Ingilishi ba su da hujjar ƙwace jirgin. Sai suka yi ta ja masa rai da bincike tun daga mashigin Suwez, suka sa jirgin yaƙi ya bi shi, har suka tsai da shi a bakin Fot Sudan, sojojinsu na ciki suna gadi. Ran 10 ga Yuni 1940 kyaftin ɗin jirgin, Lorenzo Muiesan, ya ji a rediyonsa cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi. Ya san da zarar masu gadin sun ji, shi da lodinsa sun zama ganima. Sai ya nemi izinin yin atisayen sauke kwale-kwalen ceto, aka ba shi. Ana cikin wannan, mutanensa suka buɗe wa ruwa hanya ta ƙasan jirgin. Kafin Ingilishi su farga ruwa ya ci ƙarfinsu, dole kowa ya fita, jirgin ya kwanta. Ba wanda ya mutu.

A nan labarin ya taɓo mu. Waɗannan bama-bamai na sojojin Italiya ne da ke Gabashin Afirka, sojojin da aka tura su yaƙe su kuwa har da birged ta 23 ta Nijeriya, wadda Hausa ce harshen da ake ba da umurni da shi a cikinta. Su ne suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka kai Harar ta ƙasar Habasha a watan Maris. Da lodin Umbria ya isa inda aka nufa da shi, mai yiwuwa da waɗansunsa a kan kakannin wasunmu za su sauka. Ga su can har yau jere a rumbun jirgin, kifi na yawo a tsakaninsu. Buhunan simintin sun daskare sun zama duwatsu masu siffar buhu, motocin na tsaye a inda aka ajiye su, jikin jirgin kuma murjani da soso sun lulluɓe shi. Wani ɗan ƙasar Ostiriya, Hans Hass, ya ɗauki hotunansa a 1949, daga nan sunansa ya bazu. Samansa na kusa da fuskar ruwa, ƙasansa kuwa ya haura mita 30.

Wannan mita 30 ɗin ita ce darasinmu. A tudu ba komai ba ce, daga ƙofar aji zuwa ofishin shugaban makaranta ma ta fi haka. A ruwa kuwa tafiya ce da sai an yi mata lissafi.

Ruwa yana da nauyi

Duk wanda ya taɓa ɗauko jarka daga rijiya ya san lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne iska ma tana da nauyi. Iskar da ke bisa kanmu tana danna kowane santimita ɗaya murabba'i na jikinmu da nauyin kusan kilo ɗaya. Tafin hannun babban mutum ya kai santimita 10 tsawo da 10 faɗi, ke nan buhun masara mai kilo 100 na ɗore a kansa dare da rana. Ba mu jin sa ne don matsin da ke cikin jikinmu daidai yake da na waje. Wannan matsi shi masana ke kira atmosfiya ɗaya.

Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800. Saboda haka duk mita 10 da mutum ya sauka a cikin teku, an ƙara masa atmosfiya guda. A mita 10 yana ƙarƙashin 2, a mita 20 yana ƙarƙashin 3, a mita 30 kuwa 4, wato buhu huɗu a kan kowane tafin hannu. Ruwan daɗi irin na madatsa ya ɗan fi na gishiri sauƙi, amma bambancin kaɗan ne, ba zai ceci kowa ba.

To me ya sa mai nutso ba ya murƙushewa? Domin akasarin jikin mutum ruwa ne, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Abin da ke matsuwa shi ne iska, don haka duk matsalar tana inda iska ke zaune a jiki: cikin kunne, kogon hanci da goshi, da huhu. A 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan aka ninka matsi a kan iska, girmanta zai koma rabi. Kowa na iya gwadawa da sirinji marar allura: a ja iska, a toshe bakin da yatsa, a danna. Kafin a kai rabi za a ji hannu na gardama, da an saki kuma sai ta koma inda take.

Wanda ya taɓa kurme ya san zafin da kunne ke yi tun daga mita 2 ko 3. Ruwa ne ke tura dodon kunne ciki, don iskar da ke bayansa ta tsuke. Idan aka yi taurin kai aka ci gaba, yana iya fashewa. Maganin da ake koya wa masu nutso a ranar farko shi ne su toshe hanci su hura a hankali, iska ta bi ta wata 'yar hanya daga maƙogwaro zuwa kunne, matsin ciki da na waje su daidaita. Mai mura hanyar nan tasa a toshe take, shi ya sa ba ya shiga ruwa sai ya warke.

Akwai tambayar da ɗalibai ke yawan yi idan an zo nan: me zai hana mutum ya kama doguwar tiyo irin ta ban-ruwa a baki, ɗaya bakin yana sama, ya zauna a ƙasan madatsa yana shaƙar iska? Amsar ita ce ba zai iya ja ba. Iskar da ke cikin tiyon matsinta na tudu ne, ƙirjinsa kuwa ruwa na danne da shi. Ko a mita ɗaya, ƙarin nauyin ya kai kilo 10 a kan kowane fili mai girman tafin hannu, ƙirji kuma tafi nawa ne? Naman haƙarƙari ba shi da wannan ƙarfin. Ko da ya iya, iskar da ya fitar ita zai yi ta mayarwa, don ba ta kai bakin tiyon ba balle ta fita.

Wannan matsala ita ce Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan suka warware a Faransa a 1943. Sun ƙera wata 'yar na'ura da ke tsakanin tukunyar iska da bakin mai nutso. Ba ta sakin iska sai ya ja numfashi, kuma tana ba shi ita daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi, ko a mita 5 yake ko a 30. Da ita mutum ya rabu da tiyon da ke haɗa shi da jirgi da kuma hular ƙarfe mai nauyi, ya zama yana yawo kamar kifi. Duk nutson nishaɗin da ake yi a duniya yau daga nan ya samo asali. A lura kuma, abin da ke cikin tukunyar iska ce irin wadda muke shaƙa, an tace ta an danna, ba oksijin tsantsa ba kamar yadda mutane ke zato. Oksijin tsantsa a zurfi guba ce.

Amma na'urar ta zo da nata sharaɗin, kuma shi ne wanda ya fi kowanne muhimmanci. Huhun babban mutum na ɗaukar wajen lita 6. Yaron da ya cika huhunsa a sama ya yi kurme zuwa mita 10, iskar za ta tsuke ta koma lita 3, in ya taso ta koma 6, ba abin da ya same shi. Mai tukunya kuwa a can ƙasa ya cika huhunsa da lita 6 ta iska mai matsi biyu. Idan ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta nemi zama lita 12 a cikin jakar da ba ta wuce 6 ba. Huhu ya yage, kumfa ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Wannan na iya faruwa ko a ruwan da bai fi tsayin mutum ba. Shi ya sa dokar farko a wurinsu ita ce kada a taɓa riƙe numfashi.

Sai lissafin guzuri. Tukunyar da aka fi amfani da ita tana cin lita 12, ana danna mata iska ninki 200, ke nan lita 2,400. Mu ɗauka mutum na shaƙar lita 20 a minti ɗaya a tudu. Za ta kai shi awa biyu. A mita 10 kowane numfashi na cin ninki biyu, sai ta koma awa ɗaya. A mita 30 ninki huɗu ne, lita 80 a minti, rabin awa ke nan. Ba a kuma shanye ta ƙaf, ana barin wajen kashi ɗaya cikin huɗu don ko-ta-kwana. Wato wanda ya biya kuɗin jirgi tun daga Jamus ko Japan don ya ga ƙasan Umbria, abin da zai samu a can bai fi minti 20 da 'yan kai ba.

Hawa ya fi sauka wuya

Ko da iskar ta ishe shi, akwai abin da zai kore shi. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, jiki ba ya amfani da ita, shiga take ta fita. A ƙarƙashin matsi kuwa sai ta riƙa narkewa cikin jini da tsoka, iya zurfi da iya daɗewa iya yawan abin da ke taruwa. Ku ɗauki kwalbar lemo. Tana rufe ba a ganin kumfa, don iskar na narke a ciki. A buɗe a hankali, ta fita da ɗan huci. A girgiza a ɓalle marfin gaba ɗaya, kowa ya san abin da zai biyo baya. Mai nutson da ya taso da gaggawa jininsa ne kwalbar. Kumfar na maƙalewa a gaɓoɓi ta sa ciwon da ke tanƙware mutum, ko ta taɓa laka ta shanye ƙafafu, ko ta kashe.

An fara ganin wannan ciwo sosai a wurin ma'aikatan da ke haƙa ginshiƙan gada a cikin ɗakuna masu matsattsiyar iska. Injiniyan gadar Brooklyn ta birnin Niyok, Washington Roebling, shi kansa ya kamu a 1872, daga gado ya ƙarasa kula da aikin. Bafaranshe Paul Bert ne ya tabbatar a 1878 cewa naitirojin ce sanadi, sa'an nan a 1908 John Scott Haldane ya tsara wa sojan ruwan Birtaniya jadawalin farko na yadda za a riƙa tasowa daki-daki. Jadawalan yau jikokin nasa ne, ko da yake yanzu wata 'yar kwamfuta da ake ɗaurawa kamar agogo ce ke yin lissafin. A mita 18 mutum na da kusan awa guda, a mita 30 wajen minti 20 kacal. In zai taso ba ya wuce mita 9 zuwa 18 a minti, kuma yakan tsaya a mita 5 na minti 3 yana rataye a ruwa, yana jiran jininsa ya huce. Bayan ya fito ma ba ya hawa jirgin sama sai ya kwana, don a sama matsi ya ragu, kamar an ƙara buɗe marfin ne. Wanda ya kamu kuwa sai an sa shi a wani ɗakin ƙarfe an mayar masa da matsin, sa'an nan a rage a hankali. Wani abin lura gare mu: jadawalan nan don bakin teku aka yi su, wurin da ya haura mita 300 bisa teku sai an yi musu gyara. Funtuwa kuwa tana kusan mita 700.

Naitirojin na da wata halayyar kuma. Daga wajen mita 30 takan sa maye, mutum ya ji daɗi ba dalili, lissafi ya gagare shi, ya manta da duba ma'aunin iskarsa. Da ya ɗan taso sai ta sake shi. Saboda waɗannan dalilai ƙungiyoyin koyarwa, irin su PADI da aka kafa a Amurka a 1966, suka sa iyaka: mai takardar farko mita 18, wanda ya ƙara karatu mita 30, kuma ba mai nutson nishaɗin da ke wuce 40.

Duk wannan a wajen jirgi ne, inda in abu ya ɓaci mutum zai nufi sama. Wanda ya kutsa ciki kuwa rufin ƙarfe ne bisa kansa. Jirgin na kwance a gefe, don haka bango ya zama daɓe, ƙofa ta koma sama, tsani na tafiya a kwance. Duhu ne sai da tocila. Ko a waje ma ruwa na shanye launi: ja ne ke fara ɓacewa tun daga 'yan mitoci, har jini kan yi kama da kore, sai an haska abu sa'an nan launinsa na gaskiya ya dawo. A ƙasan kowane ɗaki akwai laka mai laushi da ta shekara 80 tana kwanciya. Bugun ƙafa ɗaya na ganganci ya isa ya tashe ta, kumfar numfashi kuma ta kakkaɓo tsatsa daga sama, nan take mutum ya kasa ganin hannunsa. Waɗanda suka mutu a irin wannan hali sau da yawa ƙofar na kusa da su. Don haka mai shiga yakan ɗaura zare a bakin ƙofa ya riƙa warwarewa, ya riƙe wuƙa saboda tsofaffin komaye da wayoyi, ya raba iskarsa uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ba a taɓawa. Kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Kowa da abokinsa, suna magana da hannu, kowanne na ɗauke da bakin shaƙa na biyu don ɗan'uwansa.

Gidan tarihi ne ko kabari?

Can arewacin Bahar Maliya, kusa da ƙarshen tsibirin Sina'i, akwai Thistlegorm, jirgin Birtaniya da jiragen saman Jamus suka nutsar ran 6 ga Oktoba 1941 yana ɗauke da kayan yaƙi zuwa Masar. Mutum 9 suka mutu. A cikinsa akwai manyan motoci ƙirar Bedford, da babura ƙirar BSA da Norton jere a bayan motocin, da bindigogi, da dogayen takalman roba, har da kawunan jirgin ƙasa biyu da ƙarfin fashewar ya jefar gefe. Cousteau ya gano shi a shekarun 1950, aka manta da shi, sai a farkon shekarun 1990 masu yawon buɗe ido suka dawo kansa. Tun daga nan hannu bai bar shi ba: wannan ya ɓalle sitiyari, wancan ya kwance fitilar babur don ya ajiye a falo. A ganinmu wannan sata ce, ko da mai kayan ya daɗe da mutuwa. A 2001 UNESCO ta fito da yarjejeniyar kare kayan tarihin da ke ƙarƙashin ruwa, Nijeriya ta amince da ita a 2005, sai dai ta fi shafar abin da ya shekara 100 a nutse. Umbria sai 2040 zai cika.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne Salem Express. Jirgin fasinja ne da ya taso daga Jidda a Disamban 1991, cike da Misirawa, wasu 'yan umara wasu ma'aikata masu komawa gida. Da dare, cikin iska mai ƙarfi, ya daki tudun murjani kusa da tashar Safaga, ya nutse cikin kamar minti 20. Fiye da mutum 450 suka rasu, ba a kuma fito da dukkan gawarwakin ba, aka toshe wasu sassan jirgin da su a ciki. Yau ana kai masu nutso wurin. Suna ganin akwatuna da rediyoyi da tsarabar da aka sayo wa yara. Wasu jagororin ba su yarda su kai kowa, wasu na kaiwa bisa sharaɗin a tsaya a waje kada a taɓa komai. Mu da muka san yadda ake jiran alhaji a tasha, da wuya mu ga abin nishaɗi a nan.

Mu dawo gida

Mu ma muna da masu nutso, tun kafin a haifi Cousteau. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, cikin wasannin kabanci akwai gasar nutso da kamun kifi da hannu, Sarkin Ruwa na kula. Kuma idan kwale-kwale ya kife, su ake kira. A ƙarshen Nuwamban 2021, da jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano da mutane fiye da 20 suka rasu, akasarinsu 'yan makarantar Islamiyya, masu nutson ƙauyukan wurin na cikin waɗanda suka yi ta shiga suna lalube. Ba tukunya, ba gilashi, ba tocila, numfashi ɗaya kawai a ƙirji. Nasu nutson kan jirgin da ya nutse ba na hutu ba ne.

Madatsa kuwa ta fi kama da cikin jirgi fiye da buɗaɗɗen teku. A Bahar Maliya mutum na hangen mita 20 ko 30 a gabansa, a ruwanmu da damina ko tafin hannu ba a gani. A ƙasa akwai kututturan itatuwan da ruwa ya ci lokacin da aka datse shi, da tsofaffin komaye da ƙugiyoyin masunta, da taɓon da ke riƙe ƙafa. Kusa da bututun da ke jan ruwa zuwa gari akwai zuƙar da ba a ganinta daga sama, in ta manna mutum ƙato ma ba ya ɓalle kansa. Ba mu ma taɓo tsargiya ba, wadda masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da Libaful suka yi shekaru suna bincike a kanta a ƙasar Malumfashi a shekarun 1970. Wannan darasin wata shekara ne.

Akwai wani wasa da muke so mu ambata da sunansa, don mun san ana yin sa: gasar wa zai fi daɗewa a ƙasa. Yara sun gano cewa in aka ja numfashi da sauri-sauri sau da yawa kafin a nutse, an fi daɗewa. Gaskiya ne, ga kuma dalili. Abin da ke sa mutum ya ji dole ya shaƙi iska ba ƙarancin oksijin ba ne, taruwar iskar kabon-dayoksaid ce a jini. Hakin nan na gaggawa yana fitar da ita, amma bai ƙara oksijin ɗin a-zo-a-gani ba. Ke nan an kashe ƙararrawa an bar wutar. Oksijin na ƙarewa, yaro bai ji komai ba, sai ya suma a cikin ruwa shiru, ba ihu ba fafutuka. Abokansa na bakin ruwa suna ƙirga masa, suna murna ya kafa tarihi. Gwanaye wannan ya fi kashewa, ba 'yan koyo ba.

Haka abin yake a rijiya, ko da ba ruwa ne ke kisan ba. Iska marar kyau takan taru a ƙasa, balle in an sauke injin ban-ruwa mai fetur a ciki. Tsofaffin masu yasa sukan fara sauke fitila, in ta mutu ba mai shiga. Sau da yawa kuma ba mutum ɗaya ake fitarwa ba, biyu ne ko uku, don na biyun ya faɗa ceton na farko ba igiya a ƙugunsa, ba mai riƙe da ita a sama.

Ga aikin da za ku kawo bayan hutu. Mai nutso na da tukunya mai lita 12 da aka danna ninki 200, yana shaƙar lita 20 a minti a tudu. Yana so ya shiga rumbun Umbria a zurfin mita 20 ya ga motocin nan, kuma zai bi dokar raba iska uku. Minti nawa yake da shi kafin ya juyo? In kun samu, ku sake lissafin a kan cewa laka ta tashi, ya tsorata, numfashinsa ya ninka.